Ƙodar Nana Hauwa

Sai da Dakta Safiya ta maimaita tambayar kafin Aƙilu ya gane ba shi take tambaya ba. Junaid take kallo, mijin ƙanwarsa, wanda ya ɗosana a bakin kujera ya haɗe gwiwoyi.

"Ƙodar da aka cire mata," in ji likitar. "Ina sakamakon gwajinta?"

"Bai hito ba," in ji Junaid.

"Tun bara?"

Junaid ya ɗaga kai ya dubi fanka.

Nana Hauwa ƙanwar Aƙilu ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Bara, bayan Babbar Salla, aka gano tana da ciwon daji a ƙodar hagu, aka cire ƙodar a wani asibitin kuɗi a cikin Sakkwato, kowa ya ce an rabu da ƙaya. Bana tari ya kama ta. Hoton ƙirji ya nuna ciwon ya haura huhu. Magungunan da ake da su an ba ta, ba su tsayar da shi ba. Ana cikin haka aka ji labarin wata cibiyar bincike da ke gwada sabon magani, wanda ake sawa a ƙarin ruwa, ya tayar da garkuwar jiki ta yaƙi ciwon da kanta. Dakta Safiya ce ke kula da gwajin. Bakanuwa ce, ba ta kwana-kwana. Tun zaman farko ta gaya musu gwaji ne, ba alkawari ba, kuma gurbin da ya rage kaɗan ne, ƙarshen wata za a rufe ɗaukar marasa lafiya.

Sharaɗi ɗaya ya rage. Ciwon dajin ƙoda iri-iri ne, maganin kuwa iri ɗaya aka yi wa. Ba a sanin irin sai an yanki tsokar an duba ta a na'ura. Ba za a iya ɗiba daga huhun ba, domin ƙullutun ciwon ya jingina da babbar jijiyar jini. Saura ƙodar da aka cire. A irin waɗannan asibitoci, dangin mara lafiya ake miƙa wa abin da aka cire, su kai ɗakin gwaji da ƙafarsu.

"Ba a kai ta ba, ko?" in ji likitar.

"An ba ni ita cikin roba ranar aikin," in ji Junaid, murya ƙasa-ƙasa. "Ina riƙe da ita bakin ɗakin tiyata, sai Yaya Malam yaz zo. Yat tambaye ni mi na ciki. Na hwaɗa mai. Yac ce in kawo."

"Sai kab ba shi," in ji Aƙilu.

"Yayana na, Alhaji."

"Ina ya kai ta?" in ji likitar.

"Ya ruhe ta. Yac ce gaɓar ɗan Adam sutura aka yi mata, ba a miƙa ta ga masu yanke-yanke."

Aƙilu bai motsa ba. Mahauci ne ɗan mahauci, ya san su waye masu yanke-yanke a bakin Malam Siddiƙu, wan Junaid.

Dakta Safiya ta tambaya ko an fito da ƙodar daga robar kafin a binne. Junaid ya ce a'a. Malam ya ƙi buɗewa, ya ce ba ya duba cikin matar ƙanensa. Da robar da komai ya naɗe a farin ƙyalle.

"To akwai ɗan fata," in ji ta. "Ruwan da ke ciki yana hana ruɓewa. In robar ba ta tsage ba, za a iya gane irin ciwon. Amma ku ji ni da kyau. Ku kawo ta yadda take, da filastar da aka naɗe bakinta, da sa hannun likitan da ya yi aikin a kai. Masu wannan bincike ba sa karɓar abin da ba su tabbatar na mai shi ba ne. Kada kowa ya buɗe."

A bakin ƙofa Junaid ya fara ba da haƙuri. Aƙilu ya wuce shi ya shiga motarsa.

Abin da ke tsakanin gidajen biyu ya girmi ciwon. Gidan su Aƙilu a Ƙofar Taramniya yake, fawa suka gada. Gidan su Junaid a Ƙofar Dundaye, gidan malamai da alƙalai. Junaid ya ga Nana Hauwa lokacin tana koyarwa a firamare, ya ce ita yake so, ita ma ta ce shi. Malam Siddiƙu, babban wansa, ya ƙi, aka fi ƙarfinsa. Ranar ɗaurin aure ya gaisa da mahaifinsu, Alhaji Salihu, hannu da hannu, sannan ya juya ya ce a miƙo masa buta. A gaban jama'a ya wanke hannun, yatsa bayan yatsa. Alhaji Salihu ya gani, ya yi murmushi kawai. Har ya rasu bai sake taka unguwar ba.

Aƙilu yana tsaye bayan mahaifinsa a ranar. Yanzu shi ke loda nama a motocin sanyi zuwa Kudu, yana da yara a mayanka da rumfuna a kasuwa. Duk da haka in ya shiga zauren Ƙofar Dundaye, tabarmar bakin ƙofa ake nuna masa.

Kan wannan tabarmar ya zauna da yammacin ranar, ya jira Malam ya sallami ɗalibansa. Manyan mutane ne, 'yan kasuwa da tsofaffin ma'aikata, kowa da littafinsa a jakar fata. Da na ƙarshensu ya sa takalmi, Aƙilu ya gyara zama.

"Allah shi gahwarta Malam. Ajiya niz zo karɓa."

"Wace ajiya, Alhaji?"

"Ƙodar ƙanwata."

Malam Siddiƙu ya rufe littafin da ke gabansa, ya cire tabarau. Dogo ne, siriri, ana jin muryarsa a rediyo duk Alhamis yana amsa tambayoyin addini.

"Abin da ƙasa tak karɓa ba a amshe mata shi," in ji shi. "Tonon abin da anka ruhe haramun na, sai da lalura."

"Ga lalura can cikin gidanka tana tari."

"Lalura ita ta abin da anka tabbatar. Junaidu ya hwaɗa mani, ita likitar da bakinta tac ce gwaji na. Ba a keta hurumi don wataƙila. Kuma wa yas san inda naman mutane ka zuwa in ya bar hannunsu?"

"Wa yan nemi shawararka ranar? Kai kah haihe ta?"

"Matar gidan ga ta."

"Ranar da anka kawo ta ba haka kac ce ba."

Malam ya yi ɗan murmushi. "Alhaji, kowa da abin da yas sani. Ranar da nika bukatar sanin ƙaƙa aka awon tsoka, wurinka za ni."

Aƙilu ya miƙe, ya kaɗe rigarsa a hankali.

"To sai mun haɗu kotu. Na ji alƙalin ɗalibinka na. Sai mu gani in shina iya kallon malaminai tsaye gabanai."

Bai jira amsa ba. Amma ya ga yadda hannun Malam ya tsaya a kan littafin.

Aƙilu ya shiga cikin gida. Nana Hauwa na kwance a ɗakinta, an tokare mata baya da filo. Ta rame har zoben hannunta ya koma babban yatsa. 'Yarta ta ƙarshe, Nabila, tana makarantar Islamiyya, gidan shiru.

"Yaya, kilishi kak kawo ko hwaɗa?"

"Duka biyu."

"Ba ni kilishin, hwaɗan ka koma da shi Taramniya." Ta yi dariya, dariyar ta zama tari, ya jira ta gama. "Na ji muryarku tun daga nan. Yaya, ni maganin ga nika so. Ko ba shi aiki, a dai gwada. In ga Nabila ta gama firamare, ya ishe ni. Zancen Baba ka bar shi. Baba ya tahi, ni ina nan."

"Na ji."

"Ka ji, ko ka ji?"

"Na ji, Nana."

Bayan kwana biyu Junaid ya same shi a mayanka. Ya tsaya nesa da magudanar jini, yana tattare da bakin wandonsa, fuskarsa a sake karo na farko tun da aka fara wannan magana. Yaya Malam ya sauko, in ji shi. Ya nuna masa wurin, kangon da ke gefen masallacin unguwa, gindin dogon yaro. Sharaɗinsa kawai a tona bayan sallar Asuba, kafin gari ya waye sosai, shi ba ya nan, kuma kada kowa ya ji.

"Gobe in sha Allahu," in ji Junaid. "Ni da kaina za ni tonawa. Daga can sai wurin likita."

"Madalla," in ji Aƙilu. "Jeka ka huta."

Ya bi shi da kallo har ya hau babur. Sannan ya kira Jafar.

Jafar abokin sana'arsa ne tun suna samari, ƙato, mai bakin da ba ya rufuwa. Washegari da Junaid ya iso kangon da shebur a kafaɗa, ya tarar da tukuba a gindin dogon yaro, wuta na ci, an jera tsire, mahauta sun shimfiɗa buhu sun zauna daidai inda aka nuna masa. Aƙilu na cikin motarsa a tsallaken titi, gilashi a sauke.

"Malam Junaidu, sabko kay yi?" in ji Jafar. "Na hanta ko na tsoka? Ƙoda dai ba mu da ita, an ce nan unguwar ruhe ta aka yi."

Mahautan suka kwashe da dariya. Junaid ya tsallako titi, sheburin na jan ƙasa.

"Alhaji, mi na na haka?"

"Wanda yar ruhe, shi ka tonewa. Da rana. Da hannunai."

"Don girman Allah, Alhaji. Wata na ƙarewa."

"Shi za ka hwaɗa ma wa."

Malam bai fito ba ranar, bai fito ba washegari. Hayaƙin tsire ya riƙa shiga masallaci ta taga, masallata suna fitowa suna tambaya, Jafar kuwa ba ya rowar labari. Duk wanda ya sayi tsinke ɗaya sai ya tafi da cikakken bayani, wanda bai saya ba ma ya samu. Kafin Laraba mata na maganar a gidajen biki. Wasu na cewa Malam ya yi daidai, wasu na cewa rai ya fi hurumi. Wani ɗalibinsa ya tambaye shi a tsakiyar karatu, aka ce Malam ya tashi karatun.

Dakta Safiya ta kira Aƙilu ranar Alhamis. Gurbi ɗaya ya rage, in ji ta, kuma akwai wani a bayan Nana Hauwa yana jira, takardunsa sun cika. Duban tsokar ma yana cin kwanaki.

"Gobe tana hannunki, Likita," in ji shi.

Ya auna abin kamar yadda yake auna bijimi da ido a kasuwar shanu. Malam ba zai iya wuce Juma'a ba. Lokaci zai isa.

Bai yi kuskure ba. Ranar Juma'a bayan La'asar, Malam Siddiƙu ya fito daga masallaci, maimakon ya nufi gida sai ya juyo kangon. Yana sanye da farar babbar riga da rawani. Jama'a suka biyo shi, waɗanda ke shaguna suka fito, matasa suka ɗaga wayoyi. Jafar ya sa aka janye tukuba. Aƙilu ya sauko daga mota, ya karɓi diga daga hannun wani, ya miƙa.

"Allah shi gahwarta Malam. Bismilla."

Malam ya naɗe hannun riga a kafaɗa, ya karɓa. Ɗalibai biyu suka matso za su taimaka, ya ɗaga musu hannu.

Ƙasar ta yi tauri, ga zafin Sakkwato ko da yamma bai sassauta ba. Malam bai taɓa riƙe diga ba, ya riƙe ta kusa da kai kamar alƙalami. Sara na farko ya zame. Na biyu ya tayar da ƙura ta bule masa riga. Gumi ya jiƙa gefen rawaninsa, numfashinsa ya fara fita da ƙara. Aƙilu ya tsaya a bakin ramin, hannu a baya, bai ɗauke ido ba. Ya so a ce ramin ya fi haka zurfi.

"A hankali, Malam," in ji Jafar. "Kak ka hwasa muna kaya."

Ba wanda ya yi dariya wannan karon. Aƙilu ya lura da haka.

Da farin ƙyalle ya bayyana, Malam ya ajiye diga ya durƙusa, ya ƙarasa da yatsunsa. Ya ciro ƙunshin, ya kaɗe ƙasar, ya warware ƙyallen da ya koma ruwan ƙasa. Robar na nan lafiya, fara, mai murfi shuɗi, an zagaye bakinta da filasta, rubutun biro a kai bai goge ba. Junaid ya ce alhamdu lillahi da ƙarfi, ya matso da hannu biyu.

Malam bai ba shi ba tukuna. Ya miƙe tsaye, riga duk ƙasa, ya fuskanci jama'a, ya yi magana da muryarsa ta rediyo.

"Jama'a, ku shaida. Na ruhe abin ga don girmama ɗan Adam, na tone shi don kashe hitina. In na yi daidai daga Allah na, in na yi kuskure daga gare ni na."

"Allahu Akbar," in ji wani tsoho. "Wanga shi na ilimi."

Gunaguni ya zaga, irin na yarda. Wani ya ce Malam ya yi haƙuri. Wani ya miƙa masa hankici. Aƙilu ya dubi fuskokin, ya ga abin da ya kwana biyar yana ginawa yana rushewa. Mutumin ya shiga rami, ya fito ya fi da tsawo. Gobe za a ba da labarin a matsayin darasin tawali'u.

Malam ya juyo, ya miƙa masa robar.

"Ga amanarku, Alhaji, yadda anka ba ni. Ban buɗe ba, ban duba ba. Mu ba mu saba da riƙon nama ga hannu ba."

Can baya wasu suka yi 'yar dariya.

Mahauci ba ya rabuwa da wuƙa. Ta Aƙilu ƙarama ce, tana aljihun gefe. Ya san abin da likita ta ce, kalma bayan kalma, yana jin sa a kunnensa lokacin da bakin wuƙar ya shiga filastar ya zagaye murfin.

"Alhaji!" in ji Junaid. "Alhaji, tac ce kak a buɗe!"

Murfin ya ɗago. Wari mai yaji ya bugi na kusa, suka ja da baya suna toshe hanci. Aƙilu ya tsoma hannu ya ciro ta. Ya ga ƙodar dabba ba adadi, bai taɓa ganin irin wannan ba. Ta yi toka-toka, ta yi tauri kamar roba, a samanta ga wani ƙullutu rawaya ya fi rabinta girma, ya fasa fatar ya leƙo.

Ya ɗaga ta sama, ya juya da ita kowane gefe.

"Ku duba abin da malaminku yar ruhe! Wanga shi ka cin ƙanwata. Likita na son ta gan shi tun bara, shi yas sa shi rami!"

Hannayen Malam na nan a buɗe, yadda ya miƙa robar. Aƙilu ya ɗora masa ƙodar a tafin hannu, ya danne yatsunsa a kanta.

"Yau ka saba."

Malam ya dubi abin da ke hannunsa. Yajin ruwan ya shiga idonsa, hawaye suka zubo.  Ya ja baya, ƙafarsa ta ci karo da tulin ƙasar da ya haƙa, ya zauna daɓas, rawanin ya zame ya rufe masa ido ɗaya. Ƙodar ta faɗo kan cinyarsa, ya yi ta kaɗe ta da bayan hannu kamar kunama, yana wani ƙaramin sauti da ba wanda ya taɓa ji daga bakinsa. Sannan ya juya gefe ya yi amai. Wayoyi na sama.

Jafar ya ɗauko buta daga bakin masallaci, ya durƙusa gabansa da ladabi.

"Allah shi gahwarta Malam. Ga ruwa."

Aƙilu ya ji wani sanyi ya sauka a ƙirjinsa, irin wanda bai ji ba tun yana saurayi. Ya tsaya ya sha shi sosai. Junaid ne ya tsuguna ya ɗauki ƙodar daga ƙasa, ya hure ƙurar da ta manne mata, ya mayar cikin robar, ya danna murfin yana ta danna shi, kamar dannawa za ta mayar da filasta.

Dakta Safiya ta jira su a cibiyar duk da an tashi aiki. Junaid ya ajiye robar a kan tebur. Ta dubi yankakkiyar filastar, ba ta taɓa ba.

"Na ga bidiyon," in ji ta. "Tun kuna hanya aka turo mini."

"To kin ga daga rami tah hito," in ji Aƙilu. "Unguwa guda shaida ta."

"Unguwa guda ta ga an buɗe ta a titi, ta faɗi ƙasa. Ni na yarda tata ce, Alhaji. Ba yardata ake tambaya ba. In aka karɓi wannan, duk abin da aka samu a kan sauran marasa lafiyan ya zama abin zargi."

"Ba wata hanya?" in ji Junaid.

Akwai, in ji ta. Ana iya gwada jinin Nana Hauwa da tsokar a tabbatar jiki ɗaya ne, amma ba a yi a nan, sai an aika, kuma sakamakon ba zai dawo ba kafin a rufe. Za ta roƙi masu binciken su ɗaga mata ƙafa. Ta ce kada su sa rai. Za a duba ƙodar duk da haka, ko don a san abin da ake fama da shi.

Ta roƙa. Amsar ta zo a farkon mako, a'a ce. Gurbin ya tafi ga wani direba daga Gusau. Da aka duba tsokar daga baya, irin ciwon da aka yi maganin dominsa ne.

A mayanka kuwa Aƙilu ya zama gwarzo. Yara na kwaikwayon zaman Malam a kan ƙasa, Jafar na ƙara wa labarin gishiri kullum. Malam Siddiƙu bai koma zaure ba. Ranar Alhamis wani malami aka ji a rediyo. An ce iyalinsa na maganar ya tafi wurin 'yan'uwa a Wurno ya ɗan huta. Duk wanda ya kawo wa Aƙilu irin wannan labari, sai ya sa a yanka masa tsoka mai kyau.

Ya ɗauki kwanaki bai je Ƙofar Dundaye ba. Ranar da ya je, zauren a share yake, ba kowa, an naɗe tabarmi an jingine. Ya wuce ciki. Yanzu an kawo wa Nana Hauwa tukunyar iska, da siririn tiyo a hancinta. Junaid na zaune a ƙasa yana ɓare mata lemo. Aƙilu ya ajiye ƙunshin kilishi a bakin gado, ya yi sannu. Ta amsa. Ta daɗe tana kallonsa.

"An ce Yaya Malam ko Juma'a bai hito ba."

"Bai hito ba."

"An ce har amai yay yi."

"Ya yi."

"Ka huce?"

Ya yi niyyar ya ce Malam ne ya jawo, tun bara, tun ranar buta. Duk gaskiya ne, ya kuma shirya faɗarsa tun a mota. Amma tambaya ɗaya ta yi masa, kuma bai taɓa yi mata ƙarya ba.

"Na huce."

"To madalla," in ji ta. "Ɗayanmu dai ya samu magani."

Ta gyara tiyon hancinta da yatsa, ta juya fuska wajen bango.

"Baban Nabila, raka baƙon ga. Ka ba shi kayanai, ban iya taunawa."

Junaid ya ajiye lemon, ya ɗauki kilishin. Ya raka shi har zaure, ya miƙa masa ƙunshin, ya jira ya sa takalmi, ya rufe ƙofa.